Butar shayi mai hatimi biyar: hujja ce ko marubuciyar ta yi mana wayo?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar tsofaffin kaya ta Ingila ce. Akwai wani littafin binciken kisa na Turanci da masu karatu suka rabu biyu a kansa, irin masu sanyin nan da ba a nuna jini, ba a ashar, kuma mai binciken ba 'yar sanda ba ce. Ba zan ambaci sunansa ba, domin sai na fasa ƙwan ƙarshensa kafin tambayar ta fito.

Labarin a wani ƙaramin gari yake a yankin Cotswolds, inda shagunan dillalan kayan da suka yi jere. An wayi gari an tsinci gawar wani dattijon dillali a shagonsa, kwana ɗaya bayan gwanjon kayan wani gidan masu hali. An buge shi da mazaunin kyandir na azurfa, aka goge, aka mayar kan kanta. Wata bazawara mai shago a maƙwabta ita ta gano mai laifin, kuma abin da ta kama shi da shi butar shayi ce ta azurfa. An sayar da ita a kan ƙirar 1745 ce, ita kuwa ta juya gindinta ta ƙirga hatimi biyar maimakon huɗu, ta ce ƙarya ne. Dalilin kisan kuma wai marigayin ya yi niyyar tona asirin wasu dillalai da suke haɗa baki a wurin gwanjo. Akwai kuma wani teburin rubutu mai kabad a sama da aka ce an yi masa "aure", wannan ban ma gane shi ba.

Wasu sun ce marubuciyar ta zalunci mai karatu, don ba wanda zai san zancen hatimi sai ɗan sana'a. Wasu sun ce ai daɗin littafin ke nan. Ni so nake in sani: zancen hatimin nan gaskiya ne? Haɗa bakin 'yan gwanjo ya isa a kashe mutum a kansa? Mene ne auren tebur?

Baban Sadiq:

Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Zancen hatimin gaskiya ne, kuma ana ganin marubuciyar ta buɗe littafin hatimai kafin ta zaɓi 1745. Sai dai ta tsaya a rabin hanya.

Kayan azurfar Landan na wancan zamani hatimi huɗu suke ɗauka. Akwai zaki mai tafiya, ya ɗaga ƙafar gaba guda, wanda ke shaida cewa cikin kashi 1000 na ƙarfen, 925 azurfa ce. Tun 1544 ake buga shi. Akwai kan damisa, alamar ofishin awo na Landan. Akwai harafin shekara. Sai haruffan sunan maƙerin. Sauran garuruwa kowa da tasa alamar: Birmingham anga, Sheffield kambi har zuwa 1974 sannan aka koma fure, Edinburgh gidan sarauta mai hasumiya uku. Ofisoshin Birmingham da Sheffield a 1773 aka buɗe su, don haka duk kayan da ke da anga aka ce maka na 1750 ne, ka ajiye shi ka kama gabanka.

Hatimi na biyar kan sarki ne, ko na sarauniya. Shaidar biyan haraji ce, an fara buga shi a Disambar 1784, aka daina a 1890. To ga inda dabarar take. A wancan zamani harafin shekara a Landan zagaye yake yi na haruffa 20, daga A zuwa U ban da J, in ya ƙare a sake sabon zagaye da wani salon rubutu. Zagayen da ya fara a 1736, da na 1776, da na 1816, duk ƙananan haruffan boko ne masu kama da juna. Ƙaramar k tana iya zama 1745, ko 1785, ko 1825. Abin da ke raba su: ta 1745 babu kan sarki, damisar tana da kambi. Ta 1785 akwai kan sarki, damisar na nan da kambinta. Ta 1825 akwai kan sarki, amma damisar ba kambi, don an cire mata shi a 1821. Siffar garkuwar da harafin yake ciki ma ta bambanta. Saboda haka da bazawarar ta ga hatimi biyar, ta yi daidai: butar ba za ta girmi 1784 ba.

Matsalar ita ce ba dillalin azurfar da wannan zai ruɗa, ko da yaron shago ne da ya yi wata shida. Tun kafin a juya gindin butar ido ya gama aiki. Butar shayi ta wajen 1745 dunƙulalliya ce kamar ƙwallo, ƙarama, mai kauri a hannu. Ta wajen 1785 da fallen azurfa ake naɗa ta, gefenta a tsaye, gindinta a shafe, bakinta miƙaƙƙe, da zane mai ƙyalli da aka sassaƙa a jiki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In da a ce baƙo ne ya saya, da sai in yarda. Amma a ce ɗaki cike da dillalai ba wanda ya lura sai ita, wannan kam an ƙara gishiri.

Algus na gaske a harkar azurfa ba a kuskuren karanta harafi yake ba, a dashen hatimi yake. Mutum ya sami ƙaramin abu mai sahihin hatimin 1740 da wani abu, wanda ya lalace ko ba shi da daraja, ya yanke wurin hatimin, ya dasa shi a gindin sabuwar buta ko tulun gahawa, ya bi gefen da walda, ya goge. Hatimin na gaske ne, kayan ne na ƙarya. Kuma ba yau aka fara ba. Daga 1720 zuwa 1758 akwai harajin sisi a kan kowace oza ta azurfa, sai wasu maƙeran su kai ɗan ƙaramin abu a buga masa hatimi, su dawo su dasa shi a jikin babban kaya don su kauce wa harajin. Irin waɗannan tsofaffi ne da gaske, amma a idon doka haramtattu ne har yau.

Yadda ake kamawa kuwa, ba ya buƙatar na'ura da farko. Ka hura wa wurin hatimin iska daga bakinka kamar mai goge tabarau. Tururin yakan kwanta daban a kan layin walda, sai ka ga wani siririn zobe ya bayyana kewaye da hatimin na daƙiƙa biyu ko uku. Ka leƙa cikin butar da fitila ka duba ko gindin biyu ne, wato an rufe wani da wani. Ka dubi yadda hatiman suka zauna: na cokali a jere suke a kan layi ɗaya, don haka in ka gan su a jere, a matse, a gindin buta inda aka saba ganin su a tattare kewaye da tsakiya, to daga wani wuri suka zo. Ka duba murfi, don murfin da ke da maɗauri shi ma yana ɗaukar wani ɓangare na hatimin, galibi zakin. Sannan ka sa gilashin ƙara girma mai ninki 10. Hatimin da aka buga da ƙarfe gefensa a kaifafe yake ko ya tsufa. Wanda aka kwafa ta hanyar zubi yakan fito a dakushe, da ɗan tsakuwa-tsakuwa a ƙasansa. In cokula shida suka zo hatiminsu a wuri ɗaya sak, tazara ɗaya, karkata ɗaya, to daga cokali ɗaya aka zuba su, don hannun mutum ba ya maimaita bugu haka.

Kayan da ake shakka a kansu ana kai su gaban wani kwamiti na ƙungiyar maƙeran zinariya ta Landan, wanda aka kafa a 1939, ya duba, in ya tabbata a soke hatimin. Dokar hatimi ta 1973 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga mai ƙirƙirar hatimin jabu. Da marubuciyar ta bi ta nan, da bazawarar ta hura wa buta iska a gaban mutane kawai, kuma da dalilin kisan ya fi nauyi.

Mu ma nan muna da misalin da ke nuna cewa shekarar da ke jikin azurfa ba ita ce shekarar ƙira ba. Liyarin nan mai hoton Mariya Tariza ta Ostiriya, da ake ratayawa a sarƙa ko a narke a yi munduwa, kusan duk wanda ka ɗauka 1780 ne a jikinsa, shekarar da ta mutu. An ci gaba da buga shi da wannan shekarar a Biyana da Roma da Landan da Bombay har cikin ƙarni na 20.

Alhaji Na-Gwanjo:

Baban Sadiq ya gama da azurfa, bari in ɗauki zancen haɗa baki. Hajiya, abin yana nan, kuma sunansa a wurinsu zobe.

Ga yadda yake tafiya, da lissafi na misali. Dillalai biyar sun je duba kaya kwana ɗaya kafin gwanjo, duk sun gane cewa wani kabad da aka yi wa kiyasin fam 1,500 ya kai fam 10,000 a kasuwa. In suka yi ta taya wa juna, kuɗin zai tafi aljihun magada. Sai su yi shawara mutum ɗaya ya taya, sauran su naɗe hannu. Guduma ta faɗi a fam 2,000. Da yamma su haɗu a bayan wata mashaya ko cikin motar ɗayansu, su sake gwanjon a tsakaninsu. Wanda ya fi so ya kai fam 8,000 ya ɗauka. A mayar wa wanda ya saya da farko fam 2,000 ɗinsa, ragowar 6,000 a raba biyar, kowa 1,200. Wanda ya ɗauki kabad ɗin ya same shi ƙasa da kimarsa, sauran huɗun sun koma gida da kuɗi ba su ɗaga ko tsinke ba. Magada ne aka yanka, ba su ma sani ba.

Majalisar Birtaniya ta haramta wannan tun 1927, har dokar ta ce a manna kwafinta a ɗakin gwanjo inda kowa zai gani. Aka ƙara mata ƙarfi a 1969 bayan wata badaƙala: a 1968 an sayi wani tsohon zanen Italiya a gwanjon wani gida a Somerset a kan fam 2,700, ba a daɗe ba aka sayar wa gidan adana zane na ƙasa da ke Landan a kan fiye da fam 100,000, jaridu suka yi ca. Abin da dokar ta bari shi ne sayen haɗin gwiwa na gaskiya: dillalai biyu su haɗa kuɗi su sayi abu su raba riba, da sharaɗin su rubuta yarjejeniyar su miƙa wa mai gwanjon kafin a fara.

To ya isa kisa? A ganina da ƙyar. Kama 'yan zobe wuya gare shi, domin shiru ba laifi ba ne, ba wanda za a tilasta wa ya taya kaya. Sai an sami wanda ya ga rabon kuɗin ko ɗan ciki ya yi magana, kuma ɗan cikin shi ma ya ci. Dattijon da ya ce zai tona asiri, kansa zai fara tonawa. Abin da 'yan zobe ke yi wa wanda ya bijire ba sanda ba ce. Duk abin da ya taya sai su bi shi suna ɗagawa har ya saya da tsada, mako bayan mako, su daina saye a shagonsa, su daina ba shi labarin inda kaya suke. Yawancin cinikin dillalan nan tsakaninsu ne, kaya ɗaya yakan ratsa hannu huɗu ko biyar kafin ya isa gidan mai amfani da shi. Wanda aka ware, shekara ɗaya ta ishe shi ya rufe shago.

Inda kuɗin da zai sa mutum ya fita hayyacinsa yake shi ne a suna. Kujerar da aka rubuta "ƙirar zamanin Chippendale" da wadda aka tabbatar daga shagon Thomas Chippendale, shahararren kafintan Ingila, ta fito, da rasit a takardun gidan da aka yi wa ita, tazararsu kamar sama da ƙasa ce. Shi ya sa takardar asali, wato tarihin hannayen da kaya ya bi, ita ake fi ƙirƙira. Shaun Greenhalgh na garin Bolton a rumfar bayan gida ya sassaƙa wani gunki irin na tsohuwar Masar, mahaifinsa ya kai da tsohon kundin gwanjo na 1892 a matsayin shaida, gidan tarihin Bolton ya saya a 2003 a kan kusan fam 440,000. Abin da ya tona su daga baya kurakuran rubutu ne a jikin wasu allunan dutse da suka ce na Assuriya ne. An ɗaure shi a 2007, shekara huɗu da wata takwas. Dillalin da ya sa hannu a kan irin wannan ciniki, in wani ya gano, ba riba kaɗai zai rasa ba, har gida da mutunci.

Wani abu da marubutan nan ke yawan mantawa: farashin guduma ba shi ne abin da mai saye ke biya ba. Tun 1975 da manyan gidajen gwanjo na Christie's da Sotheby's suka fara karɓar kashi 10 cikin 100 daga mai saye a Landan, la'adar ta yi ta hawa, yanzu kashi 25 ba abin mamaki ba ne. In guduma ta faɗi a fam 1,000, la'ada 250, harajin kashi 20 a kan la'adar 50, ka biya 1,300. Mai kayan shi ma a cire masa tasa la'adar. In ka ga jarumar littafi ta ci gwanjo a fam 1,000 ta ƙirga 1,000 ta fita da kaya, ka san marubucin bai taɓa tsayawa a layin biyan kuɗi ba.

Kafintan Zaure:

Auren tebur, Hajiya, shi ne a ɗauko saman wani kaya a ɗora a kan ƙasan wani. Teburin rubutu shi kaɗai yana da nasa farashi, amma mai kabad ɗin littattafai a sama ya ninka shi. Sai a nemo maraya, kabad da ya rasa ƙasansa, a rage masa faɗi ko a ƙara, a daidaita launi, a ɗaura musu aure. Duka biyun tsofaffi ne, shi ya sa gwajin shekarun katako ba ya kama su.

Ana jawo kayan daga bango a dubi baya. Allunan bayan sama da na ƙasa ya kamata su zama katako iri ɗaya, launi ɗaya, ƙusa iri ɗaya, don shekara 200 suka yi suna shan ƙura ɗaya. A sauke saman a dubi kan teburin: kafintan da ya san za a ɗora kabad ba ya ɓarnar fallen katako mai tsada a wurin da ba za a gani ba, don haka in ka tarar da kan a lulluɓe, a goge, yana sheƙi, to an yi shi ne ya zauna shi kaɗai. A dubi gefe, ko zanen jijiyar katakon ya tashi daga ƙasa ya ci gaba a sama, ko ya yanke. A zaro aljihu ɗaya na sama da ɗaya na ƙasa a haɗa su: haƙoran da aka sarƙe kusurwa da su hannun mutum ɗaya ne ya yanka? Kowane kafinta da irin karkatar zartonsa.

Aljihun tebur ya fi kowane sashe faɗin gaskiya. Haƙoran hannu ba sa zama daidai da juna, kuma za ka ga siririn layin da aka ja da ma'auni kafin a yanka. Na inji duk girmansu ɗaya. A kayan Ingila, jijiyar katakon gindin aljihu daga gaba zuwa baya take tafiya har wajen 1770, daga nan aka koma gefe zuwa gefe. Ka shafa ƙarƙashin da tafin hannu, za ka ji ɗan tudu da kwari na abin gogar hannu. In ka ga sawun zarto mai lanƙwasa kamar baka, na zarton inji mai juyawa ne, ba aikin ƙarni na 18 ba. Fallen da aka yanka da zarton hannu yakan kai kaurin milimita 2 ko fiye, na yanzu bai cika kai milimita 1 ba. Ana gani a inda ya ɓantare. Sukurun da kuwa bakinsa a guntule yake, tsagar kansa ba ta cika zama a tsakiya ba. Mai tsini na inji sai wajen tsakiyar ƙarni na 19 ya bazu. Amma kar a yanke hukunci da sukuru ɗaya, maɗauri na lalacewa a canza shi. Ramin ake dubawa, ko akwai tsohon rami a gefe da ba abin da ya shiga.

Katako yana ƙanƙancewa ta faɗi, ba ya ƙanƙancewa ta tsawo. Teburin da aka yanka da'ira a 1760 yau ba da'ira ba ne. Ka sa tef ka auna ta bin jijiya, ka auna ta gicciye, za ka sami bambancin da ya kai santimita ɗaya ko kusa. In ya fito daidai ta ko'ina, ko sabo ne ko an sake yanke shi. Ramin ƙwaro kuma ƙofar fita ce, ƙaramar huda zagayayya, hanyar tana ciki a karkace. In ka ga hanyoyin a buɗe a kan fuskar katako kamar an zana, to an yanka tsohon katako ne bayan ƙwaron ya gama cinsa, wato daga wani kaya aka samo shi. Wanda aka huda da ƙusa ko abin huda, allura za ta shige shi a miƙe.

Aure ba laifi ba ne in an rubuta a rasit. Ɓoyewa ce zamba.

Game da makamin, ina da tambaya. Mazaunin kyandir iri biyu ne. Na wajen 1740 zubi ne, azurfa ce mai kauri, ƙarƙashinsa a buɗe kamar ƙoƙo, a nan ma hatimin yake. Daga wajen 1770 masana'antun Sheffield suka cika kasuwa da wanda aka buga da siririn falle, aka sa sandar ƙarfe a tsakiya, aka cika da ƙaro ko farar ƙasa don ya yi nauyi. Wanne littafin ya ce?

Anti Rabi:

Ni ta wajen rubutu zan duba, kuma ban yarda da masu cewa an zalunci mai karatu don kawai hujjar ta 'yan sana'a ce ba. Ƙa'idar irin wannan littafi tun zamanin ƙungiyar marubutan bincike da aka kafa a Landan a 1930 ita ce kada mai bincike ya san abin da aka ɓoye wa mai karatu. Ba a ce sai mai karatu ya zo da ilimin daga gida ba. Marubuci ne zai koyar da shi, ya kuma sa ya manta an koya masa.

Yadda gwanaye ke yi, sau uku abu ke fitowa. Da farko a cikin raha, tun ba a yi kisa ba: jarumar tana koya wa yarinyar shago karanta cokali, ta ce huɗu kafin 1784, biyar bayan nan, sai wani ya shigo da kare ya ture tire, hankalin mai karatu ya koma kan karen. Na biyu a wurin gwanjo, a ambaci hatiman butar ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ƙirga ba, a cusa su cikin bayanin murfi da mariƙi. Na uku shi ne warwara. Maman Ilham, ki koma surori uku ko huɗu na farko. In darasin yana nan, masu ƙorafi ba su da hujja, su ne suka yi gyangyaɗi. In sai a sura ta ƙarshe aka fara jin zancen kan sarki, to suna da gaskiya.

Inda na saɓa da Alhaji shi ne zancen dalili. Gaskiya ne zobe bai cika kai wa ga kisa ba, amma wannan nau'in littafi ba don girman kuɗi ake kisa a cikinsa ba. Gari ne ƙarami, mutum goma sha biyu, kowa ya san motar kowa. Wanda ya yi shekara 30 ana kiran sa a yi masa tambaya a kan azurfa, yana zama a kwamitin baje kolin gari, abin da yake tsoro a ji ne. Dillalan kayan da sun dace da wannan salon fiye da kowace sana'a, domin kowannensu yana da ɗan abin da ba ya so a sani: ƙafar kujerar da aka sauya, tangaran da aka liƙe aka shafe, abin da aka saya a hannun tsohuwa a kan fam 20. Kowa na ƙarya a gaban mai bincike, amma mutum ɗaya ne ƙaryarsa ta kisa ce. Aikin mai karatu ya tace.

Abin da ke gundurar masu karatu, kuma da gaskiyarsu, shi ne marubucin da ya yi bincike ya kasa haƙura da shi, ya tsayar da labari shafi uku yana lacca a kan tangaran ɗin Meissen na Jamus alhali ba ruwansa da kisan. Sai kuma na zamanin nan da ke sa jaruma ta sayi akwatin hauren giwa ta sa a taga. Tun Yunin 2022 dokar Birtaniya ta hana cinikin hauren giwa sai 'yan kaɗan da aka keɓe, kamar abin da aka yi kafin 1947 wanda hauren bai kai kashi 10 cikin 100 na jikinsa ba, shi ma sai an yi rajista. Butar shayin azurfa ma ta shiga ciki, don sau da yawa akwai 'yan zobban haure a mariƙinta masu hana zafi isa hannu.

Maman Ilham:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Anti Rabi, na koma na duba. Darasin cokalin yana nan a sura ta biyu, sai dai yarinyar shagon ce ta faɗa, jarumar tana waya. Malam Kafinta, littafin bai faɗi shekarar mazaunin kyandir ɗin ba. Abin da ya ce kawai, da 'yan sanda suka ɗaga shi sun ga koren ƙyallen da ke manne a ƙarƙashinsa ya ɗan jiƙe, amma jikinsa lafiya lau, ba ko ƙwarzane.

Kafintan Zaure:

To a nan marubuciyar ta faɗi, Hajiya. Koren ƙyalle a ƙarƙashi alamar cikakke ne, shi ake rufe wa gindi don a ɓoye ƙaron, kada kuma ya karce tebur. Fallensa bai fi kaurin katin gaisuwa da yawa ba. Ko daga kan tebur ya faɗo sai kusurwar gindin ta lotsa, ƙaron ciki ya tsage, ka girgiza ka ji yana kaɗawa. Gyaransa sai maƙeri ya ɓare gindin, ya narke cikin ya zubar, ya buga lotsawar daga ciki, ya sake cikawa, aikin kwanaki. Wanda ya bugi mutum da shi da daddare ba zai mayar da shi kanta da safe lafiya lau ba. Da ta cire ƙyallen nan ta ce an ga hatimi huɗu a cikin ƙoƙon gindinsa, da ba mai cewa komai.